Daga Duba-Gari Zuwa Digiri: Tarihin Karatun Kimiyyar Muhalli Da Ayyukan Da Ya Haifar



Maƙalarmu ta wannan mako a kan wani fanni ne da ake yi wa kallon hadarin kaji. Duk shekara in sunayen waɗanda jami'o'i suka ɗauka suka fito, za ka ji yaro ya nemi likitanci ko haɗa magunguna, an tura shi sashen kula da muhalli, gida ya ɗauki jimami kamar an yi rashi. Tambayar da iyaye ke yi ɗaya ce: in ya gama, a ina zai yi aiki? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin tarihin fannin. Kusan kowane aiki da ɗalibin muhalli ke nema yau, wata masifa ce ta fara aukuwa, aka yi doka a kanta, dokar kuma ta buƙaci ma'aikata. Wanda ya bi wannan zaren zai gane inda guraben suke, ya kuma gane dalilin da ya sa wasu guraben suke a takarda kawai.

KAFIN A KAI GA JAMI'A

Kula da ƙasa da ruwa da itace ya girmi boko a ƙasar Hausa. A Argungu, Sarkin Ruwa da mutanensa ne ke tsare kogin Matan Fada, a hana su a wurin har lokacin biki, kifi ya samu ya hayayyafa. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan da suka gabata suka ɗora wa mai sare gawo. Manomi ya san dalili: gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ƙasar gindinsa kuma ta fi ta ko'ina taki.

Da Turawa suka zo, sai suka mayar da wannan kulawa aikin albashi ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce duba-gari, ma'aikacin da ke shiga gida-gida yana leƙa randa da kwata da masai, wanda tsofaffinmu ke cewa jin sallamarsa kawai kan sa matan gida su zabura da tsintsiya. A Makarantar Koyon Tsafta ta Kano aka horar da da yawa daga cikinsu. Ta biyu ita ce malamin daji, mai tsaron gandun daji da karɓar tara.

A wannan zamanin ne aka fara muhawarar kwararowar hamada. Wani farfesan ilimin gandun daji daga Edinbura mai suna Stebbing ya zaga yankin nan a 1934, ya koma ya rubuta cewa Sahara tana tahowa kudu da sauri, kuma ƙasar Kano da maƙwabtanta na cikin haɗari. Maganar ta tayar da hankali har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti guda, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga yashi yana tafiya ya cinye ƙasa kamar yadda aka faɗa ba, abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa wuri-wuri sakamakon sare itace da yadda ake noma da kiwo. Darasin farko na wannan fanni ke nan: abin da ido ya gani da rani ba hujja ba ne sai an auna, an dawo da damina an sake aunawa.

YADDA FANNIN YA SAMU SUNA A TURAI DA AMURKA

Kimiyyar muhalli a matsayin kwas mai zaman kansa a jami'a ba ta daɗe ba, kuma a ƙasashen masana'antu aka haife ta. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952, hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan, ba iskar da za ta kore shi. Ƙiyasin farko ya ce mutum kusan 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. A 1956 majalisar Ingila ta yi dokar tsaftar iska. A wannan shekara kuma, a garin Minamata na Japan, likitoci suka fara ba da rahoton wata cuta mai lalata jijiyoyi, wadda daga baya aka gano daga sinadarin makuri take, wanda wata masana'anta ke zubarwa a teku, kifi ya ci, mutane su ci kifin.

Duba matsalar Minamata da kyau. Likita ya ga marar lafiya, amma bai san abin da ke cikin ruwa ba. Masanin sinadarai zai iya auna ruwan, amma bai san yadda guba ke taruwa daga ƙananan halittu zuwa babban kifi ba. Masanin halittu ya san wannan, amma ba shi da ta cewa a kan dokar masana'antu. Kowa yana riƙe da ɓangare guda na amsar. Buƙatar mutum ɗaya da zai fahimci yaren dukansu ita ta haifar da fannin.

Abin da zai ba mu sha'awa mu marubuta shi ne, littafi ne ya kai maganar kunnen talaka. A 1962 Rachel Carson, masaniyar halittun ruwa wadda ta yi shekaru tana aikin gwamnatin Amurka, ta fitar da littafinta Silent Spring a kan illar magungunan feshi irin su DDT ga tsuntsaye da kifaye da mutane. Yawancin binciken da ta kawo yana nan a mujallun masana tun kafin ta rubuta, ita ta tattara shi ta zuba cikin harshen da matar gida za ta karanta ta gane. Kamfanonin sinadarai sun yi mata ca, ta rasu a 1964, amma a 1972 Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki.

Daga nan abubuwa suka biyo juna. Kwalejin Middlebury ta Amurka ta buɗe digirin nazarin muhalli a 1965. Jami'ar East Anglia ta Ingila ta kafa makarantar kimiyyar muhalli a 1967. Ranar 1 ga Janairu 1970 aka sa hannu a wata doka a Amurka da ake taƙaita sunanta da NEPA (ba tamu ta wutar lantarki ba), wadda ta wajabta wa gwamnati ta binciki illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin ta fara shi. A watan Disamba na shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta ƙasar. A watan Yuni 1972 ƙasashe 113 suka taru a Istokholm, taron da ya haifar da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai hedikwata a Nairobi, kuma saboda shi ne ake bikin ranar muhalli ta duniya kowace 5 ga Yuni. Wannan doka ta 1970 ita ce uwar sana'ar, domin da zarar an ce sai an rubuta rahoto kafin a yi titi ko dam, dole a nemi wanda zai rubuta, da wanda zai duba abin da aka rubuta.

NIJERIYA KAFIN KOKO

A shekarun da ake wancan a ƙetare, mu nan fari muke fama da shi. Farin 1972 zuwa 1974 ya halaka dabbobi ya tayar da ƙauyuka a faɗin Sahel, na 1983 zuwa 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙanƙance har bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba a tsakiyar shekarun 1980. Babban shirin noman rani na kudancin tafkin, wanda aka kashe wa maƙudan kuɗi a yankin Marte, ya wayi gari ruwan da aka gina shi dominsa ya ja baya ya bar hanyoyin ruwa a bushe.

Maganin da gwamnatoci suka kama shi ne gina madatsun ruwa, ga kuɗin mai ya shigo. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, ya raya noman rani a Kadawa da Kura, ya ba Kano ruwan sha. Amma a ƙasa, fadamun Haɗeja da Nguru da ke rayuwa da ambaliyar kowace damina suka fara ƙishi. Masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka ji a jikinsu, daga baya kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa saboda yanayin gudun kogin ya sauya. A Bakolori, cikin ƙasar Talata Mafara, rikicin diyya da ƙwace gonaki ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu 1980. Duk waɗannan ayyuka an yi su ne lokacin da babu dokar da ta tilasta a zauna a tambayi abin da zai samu mutanen da ke ƙasan kogi.

KOKO, 1988

Abin da ya farkar da gwamnatin Nijeriya ya faru ne a wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa da ake kira Koko, a tsohuwar jihar Bendel, Delta a yau. Tsakanin 1987 da 1988 wani ɗan kasuwa ɗan Italiya ya shigo da dubban gangunan dagwalon masana'antu masu guba, sama da tan 3,000, ya jibge su a filin wani mutumin garin a kan hayar dala 100 a wata. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka tsegunta wa jaridun gida. Da labari ya fashe a watan Yuni 1988, gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta matsa har Italiya ta yarda ta kwashe kayanta. Ma'aikatan da suka yi lodin gangunan, wasunsu sun ƙone, wasu sun kwanta ciwo.

Abin kunyar shi ne ƙasa mai girman Nijeriya ba ta da hukuma guda da ke da alhakin irin wannan, sai da aka nemi taimakon ƙwararru daga waje wajen tantance abin da ke cikin gangunan. Kafin shekarar ta ƙare aka yi doka mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da dagwalo mai guba, aka kuma yi doka mai lamba 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 doka mai lamba 86 ta wajabta tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, shekara 22 bayan Amurka. A 1999 gwamnatin Obasanjo ta kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta haɗe FEPA a ciki. Hukumar NOSDRA mai bin diddigin malalar mai ta zo a 2006, NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta biyo a 2007. Jihohi ma suka kafa nasu ma'aikatun da hukumomin. Jami'o'i kuwa suka bi sahu suna buɗe sassan da za su samar wa waɗannan ofisoshi ma'aikata.

A Neja Delta ma marubuci ne ya ɗaga murya. Ken Saro-Wiwa, mai rubutun labarai da wasan talabijin, shi ya jagoranci Ogoni a kan gurɓata ƙasarsu da mai, aka rataye shi da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995. Sai a 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya kawo alƙaluma: a wata unguwa ta Ogale an samu sinadarin benzin mai haddasa kansa a ruwan rijiya ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, kuma gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30.

ZAMFARA, 2010

Idan ana son a ga amfanin masanin muhalli ƙuru-ƙuru, a dubi abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna mutuwa da farfaɗiya a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi musu komai. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutane na kawo duwatsun ma'adinai cikin gida, ana daka su a turmi ana niƙawa a injin, ƙurar mai ɗauke da dalma tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma in aka ba yaro ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, an yi aikin banza. Don haka likitoci suka tsaya a kan cewa sai an gyara ƙauye kafin a yi wa yaransa magani a can. Masu gyaran su ne injiniyoyi da masanan muhalli: su auna ƙasar kowane gida da na'ura, su kankare saman da ya gurɓata, a kwashe a binne a rami na musamman, a zubo ƙasa mai tsafta, a sake aunawa. A Bagega, gari mafi girma cikin waɗanda abin ya shafa, jinkirin sakin kuɗi ya sa ba a yi wannan aiki ba sai 2013, yara na jira. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

A ƙetaren iyaka kuma akwai labari mai daɗi. A yankin Maraɗi, daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan manyan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka bari, aka datse sauran, itace zai tashi da sauri fiye da dashe. Manoma suka raɗa masa suna sassabin zamani, kuma masu bincike sun ƙiyasta ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar.

INDA AIKIN YAKE A YAU

Daga wannan tarihi ana iya zana taswirar sana'ar. Zuriyar duba-gari su ne jami'an lafiyar muhalli a ƙananan hukumomi da asibitoci da tashoshin shiga ƙasa, kuma suna da majalisar da ke yi musu rajista. Zuriyar malamin daji suna ma'aikatun gandun daji, da wuraren adana namun daji irin su Yankari, da hukumar Babbar Katangar Itatuwa da aka yi wa doka a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada. Dokokin da Koko ta haifar sun samar da masu sa ido a NESREA da hukumomin jihohi, waɗanda aikinsu ne su ɗebi ruwan da majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai ke fitarwa su auna. Dokar 1992 ta haifar da kamfanoni masu zaman kansu da ke rubuta rahoton tantancewa, da jami'an kiyaye lafiya da muhalli a kamfanonin siminti da mai da gine-gine. Manyan ayyukan da Bankin Duniya ke ba da rance, kamar ACReSAL na dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, ba sa tafiya sai da jami'an da ke tabbatar da cewa aikin bai cutar da muhalli da jama'a ba. Ga ƙungiyoyin agaji masu aikin ruwa da tsafta, ga koyarwa da bincike.

Sai dai a faɗi gaskiya. Gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata yadda jami'o'i ke yaye ɗalibai, kuma inda ba a tilasta doka, kamfani ba ya ganin dalilin biyan wanda zai taimaka masa ya bi ta. Wanda ya fita da takardar digiri kawai zai daɗe yana yawo da fayil. Waɗanda suka fi samun shiga su ne masu abin yi a hannu: iya ɗibar samfurin ruwa da ƙasa da gwada su, iya haɗa taswira a kwamfuta daga hotunan tauraron ɗan'adam, iya lissafin alƙaluma, da iya rubuta rahoto mai tsabta.

Akwai kuma tarkon suna da ya kamata mai cike fom ya sani. A jami'o'inmu da yawa, tsangayar da ke ɗauke da sunan muhalli tana koyar da zanen gine-gine ne da tsara birane da ƙiyasin kayan gini, kamar tsangayar da ke Jami'ar Ahmadu Bello. Mai son ruwa da ƙasa da guba sai ya nemi sashen da ya dace, kamar sashen kula da muhalli na Jami'ar Bayero, ko injiniyancin albarkatun ruwa da muhalli a Zariya. A karanta jerin darussan kafin a zaɓa. Masu difloma irina kuma, musamman ta fasahar ɗakin gwaje-gwaje ko lafiyar muhalli, su binciki sharuɗɗan shiga aji biyu kai tsaye, don kowace jami'a da nata.

RABONMU MU MARUBUTA

Taurarin littattafanmu likita ne, barista, soja, ɗan kasuwa mai kamfani a Dubai. Ban da waɗannan kamar babu sana'a a ƙasar Hausa. Ga jami'a mai sa ido da aka ba ta cin hanci ta sauya sakamakon gwajin ruwa, alhali unguwar da ke shan ruwan ta iyayenta ce. Ga uban da ya san niƙan dutse ne ke kashe 'ya'yansa, kuma niƙan ne ke ciyar da su. Ga masuncin Nguru da ɗansa ya samu aiki a dam ɗin da ya busar da fadamarsu. Kowane ɗaya littafi ne. Sharaɗin kawai shi ne bincike: ka je ka zauna da mai aikin, ka ga yadda ake ɗibar samfuri, ka san abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro, kada ka rubuta abin da mai sana'ar zai karanta ya yi dariya.

Akwai kuma aikin harshe. Rahotannin tantancewa da Turanci ake rubuta su, doka ta ce a baje su jama'a su duba su yi ƙorafi, mutanen da aikin zai tasa kuma da yawansu Hausa suke ji. Mai iya mayar da shafi 300 na Turancin masana zuwa shafi biyar da mai unguwa zai karanta wa jama'arsa ya yi aikin da ake buƙata, kuma akan biya kuɗi a kansa. Kalmomi irin su gurɓacewa da zaizayar ƙasa da sauyin yanayi sun zauna a bakin mutane ne saboda wasu 'yan jarida da mafassara sun yi ta amfani da su, saura da yawa suna jiran wanda zai raɗa musu suna.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: ka zaɓi kududdufi ɗaya, ko kwata, ko daji a garinku, ka tambayi dattijo biyu yadda yake shekara 40 da suka wuce da abin da ya sauya shi, ka rubuto mana a kalma 500. Waɗanda suka karanci fannin a cikinmu kuma, muna jiran ƙarin bayaninku a kan yadda neman aikin yake a jihohinku.